Zuwa ga Babana, a Banaras

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan lau, sai ƙafar mahaifiyarka da ke tashi in sanyi ya sauko. Takardun darasin falsafar Indiya da ka turo wa yayarka ta kai an buga mini, shafi 14, na karanta su sau uku a zaure bayan sallar asuba.

Ba zan ɓoye maka ba, wasu wurare sun burge ni. Mutanen mazhabar Niyaya da suka ce hanyoyin sani 4 ne, wato abin da gaɓɓai suka riska, kafa hujja, kwatantawa, da maganar amintacce, ai ba baƙi ba ne ga wanda ya zauna gaban malam ya karanta manɗiƙi. Misalinsu na dutsen da ake cewa akwai wuta a kansa don an hango hayaƙi, kamar yadda ake gani a murhu, har murmushi ya sa ni, domin na tuna marigayi mai sunanka yana nuna mana madafi da sandarsa. Na ga Kanada da zancen ƙwayoyin zarra, na ga Sankiya da Yoga da Mimansa, na ga Shankara da ya ce babu mai haƙiƙa sai Barahman, wato asalin dukkan samuwa a wajensu, Ramanuja da Madwa suka zo daga baya suka yi masa raddi. Waɗannan mazhabobi 6 da suka yarda da Weda, littattafan Hindu masu tsarki, ba su tayar mini da hankali ba. Zancen mutum ya mutu a sake haifarsa a wani jiki ba zai ja yaron da ya yi sauka yana shekara 13 ba.

Shafi na 11 ne ya hana ni barci. Mazhabar Carwaka. Su da suka ce ba a san komai sai abin da ido ya gani ko hannu ya taɓa, babu lahira, jikin da ya zama toka ba ya dawowa, hankali kuwa daga haɗuwar ƙasa da ruwa da wuta da iska yake tasowa kamar yadda maye ke tasowa daga tsimi. Layukan da ka ja ƙarƙashin kalmomin nan sun fito baƙi ƙirin a bugun, a gefe kuma ka rubuta da hannunka: "Wa zai amsa wannan?" Ban gama haɗiye wannan ba sai ga ɗan maƙwabcinmu ya dawo hutu, ya faɗa wa uwarsa Juma'a uku bai gan ka a masallaci ba, magana ta zagayo ta same ni a bakin kawunka.

Ka san labarin Jahamu ɗan Safwana? Malamai sun ruwaito cewa Sumaniyya, mutanen da ake dangantawa da ƙasar Hindu, sun tambaye shi: Ubangijin nan naka ka gan shi? Ka ji muryarsa? Ka taɓa shi? Ya ce a'a. Ya ruɗe, ya yi kwana 40 bai yi salla ba. Ban ce su ne Carwaka ba, amma tambayar ita ce dai. Tun ranar da maganar ta zo mini nake ƙirga kwanaki, Babana. In na ɗaga hannu zan yi kabbara, sai zuciyata ta ce ko shi ya yi.

Harhaɗa magunguna na tura ka ka koyo. Da kawunka ya ce kada a kai ka Indiya, ni na tsaya a gaban dangi na ce na san abin da na haifa, kuma ka san abin da aka sayar. Har yau ban ce na yi kuskure ba, don ban taɓa hana ɗana littafi ba. Amma kai da ko Ashmawi sai da na yi ta maimaita maka, yaushe ka isa ka shiga kogin nan ba gora? Ka ja layi a shafi na 11, na 12 kuwa fari fat, alhali a nan aka ce littattafan Carwaka sun ɓace, yawancin abin da aka sani nasu daga bakin abokan gabarsu ne. A nan kuma Indiyawan da kansu suka tambaye su: in kafa hujja ba hanyar sani ba ce, da me kuke gane abokin muhawararku yana shakka har kuke ƙoƙarin gamsar da shi? Udayana, malamin Niyaya, littafi guda ya rubuta na hujjojin samuwar Mahalicci. Wannan karatun rabi da rabi shi ya ɓata mini rai.

Ban ce ka bar ajin ba. Albiruni ya koyi harshen Sanskirit, ya fassara littafin Fatanjali kan Yoga zuwa Larabci, ya rubuta babban littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030, kuma yana Musulminsa. In tambaya ta tsaya maka a wuya, kawo ta nan. Abin da na sani in faɗa maka, wanda ya fi ƙarfina in ɗauka in kai gaba. Mai yiwuwa ma wani masallacin ka koma, ko jarrabawa ce ta riƙe ka, ni ne tsufa ya sa nake ta saƙe-saƙe.

Mahaifiyarka ba ta san komai ba, kuma na roƙi kawunka ya yi shiru. Ta haɗa maka kilishi da yaji, ɗan maƙwabcin zai taho da su. Ran Juma'a in ka fito masallaci ka kira ni tun kana bakin ƙofa, ina so in ji hayaniyar mutane a bayanka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka