A riƙa duba uwar alade kafin a ƙirga 'ya'yanta

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina sauraron shirinku na noma da kiwo, kuma ina jin daɗin yadda kuke bi ta kan shanu da awaki da kaji. Na san yawancin masu sauraronku ba sa kiwon alade saboda addini, wannan kuwa ba abin gardama ba ne. Amma a Kudancin Kaduna da Filato da Numan akwai dubban gidaje da da alade suke biyan kuɗin makaranta, kuma Hausa suke ji. Wanda ya taɓa zuwa kasuwar aladu ta Katsit kusa da Kafanchan ranar Alhamis ya ga yadda 'yan kudu ke cika motoci.

Roƙona shi ne ku gayyato likitan dabbobi ya yi mana bayani kan kwana uku na farko bayan haihuwa. A nan ne muke tafka asara. Uwa ta yi kwana 114 da ciki tana cin dusa, ta zubo 'ya'ya goma, mai gida ya ƙirga ya tafi yana murna. Ita kanta ba wanda ya kalla. Kafin mako ya zagayo sai a ji rabi sun mutu, a ce iska ce ko maƙiya.

Ɗan alade yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki, domin ba ta ratsa mahaifa ta isa gare shi. Daga dakashi, wato nonon farko, yake samunta, kuma bayan awa 24 hanjinsa ya kusa daina karɓa. To idan uwa ta kamu da zazzaɓi a wannan tsakani, nono ya ɗauke, shi ke nan. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: za ta ƙi abinci, ta kwanta rub da ciki ta danne nonuwa, hantsar ta yi tauri da zafi, wani lokaci ruwa mai wari ya riƙa fita ta baya. 'Ya'yan kuwa su yi ta kewaya ta suna kuka, ciki a lafe, har su koma shan ruwan da ya kwanta a ƙasa. Ma'aunin zafin jiki bai kai kuɗin buhun dusa ba. Idan zafin jikinta ya wuce digiri 39.5 a nemi malamin dabbobi a ranar, kada a jira gobe. Sau da yawa taurin kashi da ƙarancin ruwa ne mafarin abin, alhali mai shayarwa tana bukatar fiye da lita 20 a yini, mu kuwa bokiti ɗaya muke ajiye mata.

Sai batun jini. A ɗaga fatar idonta a duba, in ciki ya yi fari fat to jini ya yi ƙasa, kuma irin wannan uwa ta fi daɗewa a naƙuda, ta fi haifo matattu. Nononta ma, ko tana da lafiya, ba ya ɗauke da sinadarin ƙarfe da zai ishi 'ya'yan. A da suna tonon jar ƙasa su samu. Yanzu da kowa ya dafe ɗaki da siminti, sai an yi musu allurar ƙarin jini cikin kwana uku, in ba haka ba su kwaɓe su yi fari.

Akwai masana a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ke auna jini da nonon dabbobi. Ku tambaye su inda ƙaramin makiyayi zai kai jinin uwa a auna, da nawa ake biya, da yadda za mu bambance wannan zazzaɓi da zazzaɓin aladu mai share garke.

Mai sauraronku,
daga Zonkwa