Mastodon ba mai gida, to wa zai kwashe ƙazantar?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan dandalin nan da ake ta yabo wai ba su da mai gida, irin su Mastodon. Tun da Elon Musk ya sayi Twitter a 2022 jama'a suka yi ta tururuwa can, har da ni, muka haɗu mu kaɗan muka buɗe 'yar sabarmu, wato namu reshen na Mastodon a kan injinmu, ni ne admin mai kula da ita. Da farko daɗi kam, ba mai ce maka kul.

Abin da ba a gaya wa mutane shi ne, in ɗan sabarka yana bin wani a wata saba, hoton da wancan ya ɗora kwafinsa a injinka yake sauka, kai ba ka nema ba, ba ka ma gani ba, amma ga shi ajiye a wurinka. Wata rana da asuba na buɗe waya na tarar da rifot uku kan wani akawun na wata sabar da ko sunanta ban taɓa ji ba. Na danna na farko, wallahi ban ƙarasa gani ba na kife wayar, hannuna na rawa. Na yi bulokin sabar gaba ɗaya, na goge abin da ya sauka, amma su can ko a jikinsu, mutanena kawai na tsare.

A 2023 masu bincike na jami'ar Stanford sun duba fostin Mastodon kusan 325,000 cikin kwana biyu, suka samu 112 na hotunan lalata da yara waɗanda tuni an san da su. Facebook duk da halinsa yana amfani da PhotoDNA, manhajar da Microsoft ta fitar a 2009 mai gane irin hotunan nan, ga ma'aikata ga lauyoyi. Mu fa? Mutum ɗaya ne da aikinsa na rana, sai zai kwanta ya leƙa rifot.

Ba wai ina cewa a koma hannun attajiri ɗaya ba ne, a'a. Da Gab, dandalin masu tsattsauran ra'ayi na Amurka, ya shigo tsarin Mastodon a 2019 ai sabobi da yawa sun rufe masa ƙofa, ashe ana iyawa in an so. A ba ƙananan admin manhaja irin PhotoDNA, a riƙa yaɗa sunayen miyagun sabobi da wuri. Ni dai na dakatar da rajistar sabbin mutane a tamu sai na samu wanda zai kama min.

Naka,
Wani mai karatu