Argungu ba ta ƙare a bakin Matan Fada ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na makon jiya a kan Argungu, kuma na yaba. Sai dai kamar kullum, daga Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi, kuka fara, a nan kuma kuka tsaya: gora, homa, giwan ruwa, sai ƙarar bindigar da ke sa dubban masunta su auka ruwa. Wanda bai san garin ba sai ya ɗauka muna kwana ne shekara guda, mu farka ranar gasa.

Ba na raina bikin. Tun 1934 ake yin sa, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara aka binne tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabawa da Sakkwato, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Amma ku tuna daga 2009 ba a sake yin sa ba sai 2020. Duk tsawon shekarun nan da me mutane suka ci abinci? Da shinkafa.

Fadamar gulbin da ya gangaro daga Sakkwato ya nufi Birnin Kebbi ita ce rumbunmu. Mutanen Gulma, Alwasa, Sauwa da Lailaba sun san haka tun kafin a kafa jihar Kebbi a 1991. Da damina a shuka, ruwa ya janye a koma noman rani da injin ban ruwa. Ku zo da asuba cikin watan Fabrairu, za ku tarar da manomi ya ɗauro injinsa a bayan babur, jarkar mai a tsakanin ƙafafunsa, yaransa kuma suna can bakin gona da gwangwani suna korar tsuntsayen jan baki. A cikin gida mata na dafa shanshera a manyan tukwane, su shanya a tabarma, su kai inji. Gumin nan ne ke biyan kuɗin makaranta, shi ke aurar da 'ya'ya.

Nan ne labarin yake. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, abin da nake kashewa kafin ruwa ya kai ƙarshen gonata ya sa na rage rabin filin da nake nomawa, kuma ba ni kaɗai ba ne. Ambaliyar 2020 ta shafe shinkafar da ta kusa isa yanka, wasu har yau bashin shekarar suke biya. An buɗe babbar masana'antar sarrafa shinkafa a garin a 2017, amma ƙaramin manomi har yanzu yakan sayar da amfaninsa tun a gona saboda bashin takin da ya ci.

Ko tarihin ma kun yi masa gaggawa. Kun ambaci Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, sau ɗaya, ba ku ce komai ba game da Surame, birnin da ya gina a ƙarni na 16, ko gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a tsohuwar fadar sarki. Masarautar Argungu kuma ta haɗa da Augie, Arewa da Dandi, har Kamba a kan iyakar Nijar.

Ku turo wakilinku lokacin yankan shinkafar rani, ya kwana biyu a Gulma. Masauki da tuwon shinkafa a wuyana.

Naku mai sauraro,
wani manomi daga Gulma