Kafin a sayi katin hoto, a buɗe kwamfutar tukuna

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba mu fili mu ja hankalin matasan Yamai masu sayen katin hoto, wato katin da ake sa wa kwamfuta ya fitar da hoto a allo, don wasanni ko haɗa bidiyo. Da yawa sukan shiga kasuwa su ɗauko kati saboda an ce musu ƙwaƙwalwarsa jiga huɗu ce, sai an je gida a tarar ya ƙi shiga, ko ya shiga allo ya tsaya baƙi ƙirin. Kayan hannu kuwa, ba kowane mai shago ke karɓar su a maido ba.

A kashe na'urar, a zare wayar wuta daga bango, a buɗe murfin gefe. A taɓa ƙarfen akwatin kafin a sa hannu ciki, musamman da hunturu in iska ta bushe, domin ɗan tartsatsin wutar jiki ya isa ya kashe kati.

A duba ramukan da ake sa kati a babban allon cikin kwamfutar (motherboard). Farin ramin da ake kira PCI tun 1992 yake, ba a sa masa katin hoto na yanzu. Ramin AGP ya zo a 1997, galibi ruwan ƙasa ne, ɗaya tak a babban allon, kuma ya ɗan ja ciki daga bayan akwatin fiye da sauran. Wanda ya ga AGP ya haƙura, ya tara kuɗinsa ya sayi wata kwamfutar. An daɗe da daina ƙera katinsa. Abin nema shi ne PCI Express x16: tsawonsa kusan santimita 9, da ƴar tsaga kusa da bayan akwatin, da ƙugiyar roba a ɗaya ƙarshen. Kada a dogara da launi, kowane kamfani da nasa. In dogayen ramukan biyu ne, a ɗauki na kusa da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, don na ƙasan sau da yawa layi huɗu kawai aka haɗa masa maimakon 16. Zancen zubin PCI Express na 2.0 ko 3.0 kada ya tsorata kowa: sabon kati yana aiki a tsohon rami, gudunsa ne kawai zai ɗan ragu. Wanda ba ya son kwance komai, manhajar CPU-Z kyauta ce, tana nuna sunan babban allon da irin ramin.

Inda aka fi asara shi ne wuta. Ramin x16 wat 75 yake bayarwa, iyakarsa ke nan. Katin da ya fi haka ci yana da soket a samansa: mai ƙafa 6 yana ƙara wat 75, mai ƙafa 8 yana ƙara 150. Siraran kwamfutocin Dell da HP na ofis da ake shigo da su, akwatin wutarsu yakan tsaya wajen wat 180 zuwa 255, kuma babu wayar da ke shiga wannan soket. A karanta takardar da ke manne a jikin akwatin wutar. In aka yi dabarar jona waya daga ta faifan ajiya (hard disk), sai kwamfuta ta riƙa mutuwa tsakiyar wasa, wani lokaci wayar ta narke. Da zafin Afrilu da Mayu, ga ƙura ta toshe fanka, abin ya fi saurin faruwa. Irin waɗannan sirara kati mai gajeren ƙarfen baya suke so, wanda ba ya neman ƙarin wuta, kamar GT 1030. A auna kuma tsawon wurin, a ga ko kati mai kauri zai samu ramuka biyu.

Bayan an ɗaure shi da kusa, a cire wayar allo daga tsohon wurinta a mayar jikin katin. Sababbin katuna ba su da VGA, wato wurin jona wayar tsohon allo, don haka mai tsohon allo ya sayi adafta daga HDMI, wurin jonawa na zamani, zuwa VGA tun a shagon.

Wasu masu gyaran kwamfuta,
Yamai