Yaran da suka ƙi ots dafaffe, a gwada musu gasasshe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini in yi magana da iyaye 'yan uwana a kan karin kumallo, musamman waɗanda suka sayo gwangwanin ots, hatsin nan na Turawa da ake damawa kamar kunu, da kyakkyawar niyya, yara suka ɗanɗana suka ture kwano, gwangwanin ya zauna a kanta har kwanansa ya ƙare. Yawancinmu hanya ɗaya muka sani: a dama shi da ruwan zafi, a zuba madara da sukari. Abin da yara ke gudu a nan yauƙi ne. Idan kuwa aka gasa shi, yauƙin ba ya fitowa, sai ya zama kamar kek mai laushi da za a yanka a miƙa wa yaro a hannu, ga shi da saurin haɗawa.

Ga yadda nake yi a gidana. Ina samun ayaba 2 da suka nuna lugub, irin waɗanda bawonsu ya yi ɗigo-ɗigon baƙi har yara suka fara ƙyamarsu, in murƙushe da cokali mai yatsu. In fasa ƙwai 2 a kai, in zuba madara kofi ɗaya da rabi, ots kofi 2, bakin hoda (hodar da ke sa kek ya tashi) ƙaramin cokali 1, ɗan gishiri da ɗan garin kirfa. Duk a kwano ɗaya, babu buƙatar na'urar markaɗe. Sai in shafa bota a farantin gashi, in juye, in saka a obin mai zafin digiri 180 a ma'aunin Celsius na tsawon minti 30. Idan gefe ya yi ja ya ɗan janye daga jikin faranti, aka soka tsinke a tsakiya ya fito ba danshi, to ya yi. A bar shi ya huce minti 10 kafin a sa wuƙa, in ba haka ba zai wargaje.

Irin ots ɗin da za a saya ma abin dubawa ne. Wanda aka danne ya yi fale-fale shi ne na gashi. Mai ɗan gari-gari da ake zuba wa ruwan zafi nan take yakan caɓe, shi kuwa mai tsaki-tsaki sai an jiƙa shi tun dare, in ba haka ba a ji shi ƙarau-ƙarau a haƙori.

Wata za ta ce ina saurin yake a abincin minti 30? Aikin hannun bai kai minti 10 ba, sauran na obin ne, kafin a gama yi wa yara wanka da neman safar da ta ɓata ya gasu. Idan aka rarraba shi a ƙananan kofunan kek, minti 20 ya isa. Wadda safiyarta ba ta da sarari ko kaɗan ta gasa da daddare, ta rufe a firji. Yana kwana 3 zuwa 4 lafiya lau, a ɗumama yanka a yayyafa masa madara.

Inda nake rabuwa da masu girki da yawa shi ne batun sukari. Sai ka ga an zuba rabin kofi, an bi da cakulan, an malala zuma a kai, sannan a ce abincin lafiya ne. Ayaba nunanniya ta wadatar. In yaro ya nace, a watsa zabibi ko a yanka tuffa ƙanana a ciki. Autata da hannunta take jera yankakkiyar ayaba a sama kafin a saka a wuta, kuma na lura abin da ta sa hannu a ciki ba ta barin ko ɓurɓushinsa.

Wancan yauƙin da ake gudu kuwa shi ne amfanin hatsin. Wani zare ne mai narkewa a ruwa da ake kira beta-glucan, kuma tun 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin kwali cewa yana iya rage haɗarin ciwon zuciya, idan ana samun giram 3 a rana tare da rage maiƙo a abinci. Gashi bai fitar da shi daga hatsin ba, ɓoye shi kawai ya yi. Saboda haka maigida ma ya samu rabonsa, kada a bar wa yara su kaɗai.

Masu goyo su kula: ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, ko da an gasa ta, saboda ƙwayar cutar da kan ɓuya a cikinta wuta ba ta kashe ta. 'Yan ƙasa da shekara 5 kuma kada a sa musu gyaɗa ko yazawa ƙwaya-ƙwaya, tana iya shaƙe su, a niƙa ta tukuna. Wanda madarar shanu ke ɓata wa ciki ya sa ta waken soya, awon ɗaya ne.

Na gode da wannan fili.

Taku,
Wata uwa mai karanta jaridarku