Murjanin ƙwaƙwalwa: yadda za a riƙe shi a watan farko

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin masu kiwon halittun teku a tankin gilashi, musamman waɗanda suka sayo murjanin nan mai zane irin na ƙwaƙwalwa. Mutum kan biya kuɗi masu kauri ya kawo shi gida, ja da kore shar, amma kafin wata ya zagayo nama ya saɓule, farin ƙashi ya bayyana. Galibi ba da ciwo ya zo ba. Gaggawar mai shi ce, da yawan ɗaga shi daga nan zuwa can.

Murjani dabba ne, ko da yake ƙashinsa dutse ne. A cikin namansa akwai wasu mitsi-mitsin tsirrai da ke haɗa masa abinci da haske, da dare kuma yakan miƙo ƙananan hannuwa ya kama abin da ruwa ya kawo. Wanda aka fi sayarwa shi ne Trachyphyllia, mai kaurin nama da gindi mai tsini, wanda a teku kan yashi ko laka yake zama. Akwai kuma Lobophyllia da Favites da Platygyra. Yawancinsu daga Indunusiya da Ostireliya ake fito da su, kuma duk murjani mai ƙashi yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, ba ya tsallake iyaka sai da takardar izini. A tambayi mai sayarwa takardar, a tambaye shi sunan nau'in, domin da sunan ne za a san mazauninsa a tanki.

Tankin da za a sa shi ya zama ya yi watanni yana aiki, ammoniya da naitirait, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci, duk sun koma sifili. Gishirin ruwa kashi 35 cikin 1,000, wato 1.025 zuwa 1.026 a na'urar awon gishiri, zafi kuma digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyos. Ƙarfin alkali, wato sinadarin da ke hana ruwa yin tsami, ya tsaya wajen 8 zuwa 9 a ma'auninsa na dKH, kalsiyam 400 zuwa 450 ppm (kashi cikin miliyan), magnesiyam wajen 1,300. Naitiret (daban yake da naitirait) 2 zuwa 10 ppm da fosfet 0.03 zuwa 0.1 sun wadatar, kuma kada a matsa sai an mayar da su sifili, don a ruwan da ya yi tsabta fiye da kima wannan murjanin ramewa yake yi. Tsayuwar lambobin nan wuri ɗaya ta fi cika su daidai muhimmanci. Alkalin da ya zauna a 7.5 bai motsa ba ya fi wanda yau yake 7 gobe 10. Idan za a gyara, kada canjin ya wuce 1 dKH a rana.

Gishirin miya ba ya yi, sai wanda aka haɗa musamman domin tankin murjani. Ruwan famfo da na burtsatse su ma ba sa yi sai an tace su da matatar RO/DI, mai cire duk sinadaran da suka narke a ruwa. Kuma maganin kifi duk da ke da jan ƙarfe a ciki kada ya kusanci tankin, yana kashe murjani.

Ranar da ya iso, a rage hasken tanki, a ɗora ledar da ya zo a ciki a rufe kan ruwa minti 15 zuwa 20 har zafinsu ya zo ɗaya. A juye shi da ruwansa cikin roba mai tsabta, a riƙa ɗiga masa ruwan tanki ta siririn tiyo na kimanin rabin awa. Sai a tsoma shi a maganin wanke murjani, irin Coral Rx ko mai aidin, bisa adadi da mintunan da ke jikin kwalba, a ɗauraye shi a wata robar. Ruwan leda zubarwa ake yi.

Wurin ɗauka ne aka fi yin ɓarna. Ƙarƙashin naman nan mai taushi akwai ƙashi mai kaifi jere-jere. Idan aka fizgo shi daga ruwa yana kumbure, nauyin ruwan da ke cikinsa sai ya ja naman kan kaifin ya yage, kuma ta wannan yagewar ƙwayoyin cuta ke shiga. A kaɗa masa ruwa da hannu a hankali har ya motse, sannan a kama shi ta gindi, da safar hannu.

Trachyphyllia kan yashi ake ajiye shi, bakinsa na kallon sama. In aka ɗora shi kan dutse, duk kumburin da ya yi sai ya goge da kaifin dutsen, wani lokacin ma ya tunkuɗe kansa ya faɗo. Favites da Platygyra kuwa ana manna su da gam na murjani a ƙasan dutse ko tsakiyarsa, a bar musu tazarar santimita 10 zuwa 15 daga maƙwabta, saboda da dare suna fito da dogayen hannuwa masu harbi. Gudun ruwa ya zama matsakaici, wanda zai motsa naman kaɗan ya share masa yashi. In aka ga gefe ɗaya ya lafe jikin ƙashi kullum, famfon da ke juya ruwan tanki ne ke dukansa kai tsaye, sai a karkatar da famfon.

Haske a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin mako 2 zuwa 3, awa 8 zuwa 10 a rana. Mai na'urar awon ƙarfin haske, wato PAR, ya nemi 50 zuwa 150. Launi ya fara kodewa zuwa fari, haske ko zafi ya yi yawa. Ya koma ruwan ƙasa, haske ya yi kaɗan ko naitiret da fosfet sun hau. Ƙin kumbura a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, gajiyar hanya ce, a ƙyale shi inda yake.

Bayan 'yan kwanaki a soma ciyar da shi sau ɗaya ko biyu a mako, bayan an kashe fitila hannuwansa sun fito. Ƙananan jatan lande irin maisis, ko yankakken jatan lande da bai kai rabin santimita ba, a kashe famfo minti 15 zuwa 20. Babban yanki amayar da shi yake yi. In kifaye da jatan landen tanki na ƙwace masa, a kife masa gorar ruwa da aka yanke gindinta. Kifin mala'ika da kifin malam-buɗe-littafi kan tsattsage namansa, gara a raba su.

Idan wani abu mai yauƙi ruwan ƙasa ya bayyana a jikinsa, ba a jira gobe, don yakan cinye murjani cikin kwana ɗaya ko biyu ya kuma yaɗu. A kashe famfo, a zuƙe yauƙin da tiyo, a cire murjanin a tsoma shi a ruwan aidin, a killace shi a wani tanki.

Ga masu kiwo a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, zafi da wutar lantarki su ne babbar matsala. A watan Afrilu zafin gari kan haura digiri 40, alhali ruwan da ya daɗe a 30 yana kodar da murjani. Fanka mai hura saman ruwa na rage digiri 1 zuwa 2, amma ba ta maye gurbin na'urar sanyaya ruwa. Ruwan da ya tashi ya bi iska, musamman da hunturu, a cike gurbinsa kullum da ruwan tace marar gishiri, tunda gishirin na nan a tanki. In wuta ta ɗauke, famfo za a fara ba wa inbata ko sola. Murjani na jure kwana biyu babu fitila, amma ruwan da ya tsaya cik yana rasa iskar shaƙa cikin awoyi. Kada a fesa maganin sauro a ɗakin. A canza kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako ko biyu, da sabon ruwan da aka haɗa tun jiya, zafinsa da gishirinsa daidai da na tanki.

Wassalam.

Daga wasu masu kiwon murjani a tankin gida