Wasiƙa zuwa ga aminina kan gejin man jirgin ruwa

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na yi murna da jirgin da ka saya, Allah ya sanya albarka. Sai dai maganar gejin mai da ka yi ta tsaya mini a rai.

Ka ce allurar takan daɗe a sama, amma da ta wuce rabi sai ta zube da sauri. Ba lallai ne gejin ya lalace ba. A cikin tankin akwai ɗan abu mai shawagi a saman fetur, maƙale da siririn ƙarfe, kuma zurfin man kawai yake aunawa, bai san lita ba. Tankin da aka girka a cikin jirgi kuwa yakan bi siffar jirgin, sama da faɗi, ƙasa a tsuke kamar mazurari. Saboda haka in allura ta nuna rabi, abin da ya rage bai kai rabi ba. Ga shi bututun da ke zuƙo mai ba ya taɓa gindin tanki, 'yan litocin ƙarshe ba naka ba ne.

Sannan jirgi ba ya zama daidai. Ka ba inji wuta, gaba ta ɗaga, mai ya gangara baya. In abin awon yana baya sai ka ga kamar an ƙara maka mai. Ga igiyar ruwa tana girgiza shi. Ka riƙa duba geji ne a ruwa kwantacce, jirgi a tsaye.

Ka sa mai gyara ya duba ko gejin da abin awon jinsi ɗaya ne. Ana bambanta su da om, wato ma'aunin turjiyar lantarki: na Amurka om 240 ne in tanki wayam, 33 in ya cika. Na Turai kuwa daga 10 zuwa 180. In aka haɗa su a gauraye, allura baibai za ta riƙa tafiya. A irin na Turai, tsatsa a mahaɗar waya takan sa geji ya nuna fiye da abin da ke ciki, wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Don Allah ka ware yini guda. Ka zuƙe tankin, ka riƙa zuba lita goma-goma, kana rubuta inda allura ta tsaya kowane karo, ka manna takardar kusa da sitiyari. Ka kuma riƙa rubuta awannin da inji ya yi da litocin da ya sha. Injin fetur mai ƙarfin doki 40 yakan sha wajen lita 15 a awa in an ƙure masa wuta, amma kaya da iska da ƙarfin ruwa suna sauya lissafin, don haka naka littafin ne abin dogaro.

In za ka fita, ka kasa man gida uku: kaso ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya kada ka taɓa shi. Jirgin da injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa ba ya juyuwa, sai ya ba igiyar ruwa gefe, kuma kana ɗauke da mutane.

Ka aiko mini da lambobin da ka samu mu duba tare. A gaida mai ɗakinka da yara.

Naka,
Amininka